Firij na sanyi amma ya daina zubo ƙanƙara: yadda zaka gano matsalar, da yadda ake canja injin in ya mutu

Ana kwana uku da fara azumi ne, irin zafin nan da ko fanka ka kunna iska mai zafi take huro maka, uwargida ta kanga jug a bakin ƙofar firij zata tari ƙanƙarar zoɓon buɗa baki, sai ƙara kawai yake gurrr gurrr babu abinda ya faɗo. Muka buɗe bokitin ƙanƙarar muka leƙa, wayam, ko guda ɗaya. Alhali firij ɗin sanyi yake lafiya lau, nama a daskare, ruwan gora da sanyinsa.

Washegari na kira wani mai gyara, ya zo ya buɗe ya leƙa bai fi minti biyu ba yace "Oga injin ƙanƙarar ne ya tafi, sai dai a sa a kawo sabo daga Legas." Kuɗin da ya faɗa sai da na ce ya maimaita don na ɗauka kunnena ne. Nace masa toh bari na yi shawara. Daren ranar bayan tarawih na zauna da tocila a gaban firij ɗin, kuma wallahi abinda na tarar ɗan bututun da ruwa ke bi ya zubo cikin injin ne ya toshe da ƙanƙara, shikenan. Da ruwan ɗumi na narkar da ƙanƙarar. Sai bayan shekara ɗaya da wani abu injin ya mutu da gaske, shima da hannuna na canja, shiyasa nake ganin ina da abin faɗa a kan duka biyun.

Abinda nake so ka riƙe tun farko shine injin nan shi ne na ƙarshe da zaka zarga. Abu uku yake buƙata, sanyi isasshe, ruwa mai ƙarfi, da wuta mai ɗan daɗewa, kuma mu a nan duk ukun muna da matsala dasu. Don haka sau da yawa lafiyarsa ƙalau, ba'a bashi abin aiki bane.

Ka fara sanin wane iri ne naka

Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai tiren ƙarfe, wanda zaka gani a firij ɗin Amurka irin su Whirlpool da Kenmore da GE, yawanci tokumbo. Shi wannan ruwa ke zuba a tiren, in ya daskare sai wata ƴar hita dake ƙarƙashi ta ɗan ɗumama tiren ƙanƙarar ta saki, sai wasu haƙora kamar na matsefi su juyo su kwashe ta su zubar a bokiti. Ƙanƙararsa mai siffar jinjirin wata ce. Na biyu shine mai tiren roba, irin na yawancin LG da Samsung da Hisense masu ƙofa biyu, shi babu hita, moto ne ke kifar da tiren ya murɗa shi kamar yadda kake murɗa tiren ƙanƙara da hannu, su zube. Daga nan tiren ya koma daidai, bawul, wato makullin ruwa mai aiki da wuta, ya buɗe na ƴan daƙiƙu ruwa ya sake cika. Kowane zagaye yana ɗaukar kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma guda 8 ko 10 yake zubarwa, kaga kenan ba wani abin a zo a gani bane, in aka ɗauke wuta awa goma a rana kar kayi tsammanin bokiti zai cika.

Sannan ta ɓangaren ruwa ma kashi biyu ne, wani an haɗa shi da famfon gida ta wani siririn tiyo mai kaurin fensir, kwata na inci, wani kuma tanki ne dashi a ciki na lita 3 ko 4 da kake cikawa da hannu. In naka mai tanki ne ka duba tankin ya zauna daidai a mazauninsa kuma da ruwa a ciki, nasan abin dariya ne amma an sha kiran mai gyara a kan wannan.

Abubuwan banza da ake mantawa

Mai tiren ƙarfe yawanci yana da wata waya lanƙwasasshiya a gefe kamar hannu, in tana sama a kashe yake, in tana ƙasa a kunne. Aikinta in bokiti ya cika ƙanƙara ta tokare ta sai injin ya tsaya. Toh wani lokaci ledar kaza ko robar kunun aya da aka cusa a firiza ce ke ɗaga ta, injin ya ɗauka bokiti ya cika ya kwanta abinsa. Sauke ta. Masu tiren roba kuma akwai makunni a jiki ko a allon ƙofa, yara suna son danne-danne, ka duba ko alamar kashe ƙanƙara ce a kunne. Wasu kuma ido ne dasu guda biyu suna kallon juna a bakin bokitin, in raɓa ta daskare a kai ka goge da tsumma. Sai makunnin ƙofa, ɗan abin nan da ke kashe fitila in ka rufe, a wasu firij ɗin in ya lalace injin ɗauka yake ƙofa a buɗe take bazai yi aiki ba. Danna shi da yatsa, in fitila bata mutu ba ka samo ɓarawonka.

Sanyi

Anan mutane da yawa ke ruɗewa, don zasu ce ai nama a daskare yake. Nama yana daskarewa tun a ƴan digiri kaɗan ƙasa da sifili, shi kuwa injin ƙanƙara so yake firiza ta kai wajen digiri -18 a ma'aunin Celsius. Mai tiren ƙarfe ma tamostat ɗinsa, wato abin da ke jin sanyin tiren, bazai bada umarnin kwasa ba sai tiren ya kai kusan -9, in firizarka tana yawo a -5 ko -6 zaka ga ƙanƙara a cikin tire ta daskare amma tana zaune kwana da kwanaki bata faɗo ba. Kar ka yarda da lambar da ke kan allo, ita tana nuna abinda ka saita ne a firij da yawa. Sami ɗan ma'aunin sanyi na firij, ka saka a tsakiyar kaya ka barshi ya kwana, da safe ka duba kafin a fara buɗe-buɗe.

In sanyin bai kai ba, jawo firij ɗin daga bango ka cire fulogi ka buɗe murfin ƙasa na baya. Ranar da na buɗe nawa sai da naji kunya, ƙurar hunturu ta shekara biyu ta haɗu da gashi da yanar gizo ta zama kamar bargo a kan zagayayyun bututan nan baƙaƙe, fankar ciki ma da ƙyar take juyawa. Burushin fenti busasshe na sa na kakkaɓe, na hure sauran. Ka bar tazara kamar tafin hannu tsakaninsa da bango. Sai robar ƙofa, ka maƙala takardar kuɗi ka rufe ƙofar a kanta ka ja, in ta zare salin alin ba tare da ta ɗan riƙe ba iska na shiga ta wajen. Ka gwada sama da ƙasa da gefe. In duk wannan lafiya kuma sanyi ya ƙi, maganar ta bar kan injin ƙanƙara ta koma kan gas ko kwamfuresa ko fanka, wannan aikin mai gyara ne.

Sai wuta. In a unguwarku ana kawo wuta awa uku a ɗauke awa bakwai, firizar bata ma gama hucewa daga ɗumin da ta kwasa ba za'a sake ɗaukewa. Kuma ƙanƙarar dake bokiti zata fara narkewa, in wuta ta dawo ta sake daskarewa ta haɗe ta zama dutse guda, sai kaji moton da ke turo ta yana gurnani ya kasa juyawa. Wannan ƙarar muka ji a wani lokacin na ɗauka wani abu ne ya karye. Ciro bokitin ka juye a baho ka wanke ka shanya ya bushe sarai kafin ka maida. Ni yanzu in naga an shiga kwanakin rashin wuta kashe injin nake gaba ɗaya in juye bokitin, yafi mini kwanciyar hankali.

Gwajin kofi ɗaya

Wannan shine gwajin da ya cece ni daga sayen injin da bana buƙata, kuma ko sisi baya ci. Leƙa cikin tiren da tocila, in baka iya gani ka zura waya ka ɗau hoto. In tiren a bushe yake babu ruwa babu ƙanƙara, ɗebo ruwa kamar rabin kofin shayi, mil 120 zuwa 140, ka zuba a hankali har ramukan su kusa cika, kar ya tumbatsa. Rufe ƙofa kace kowa ya haƙura da buɗe firiza na awa biyu zuwa uku, kuma ka zaɓi lokacin da kake da tabbacin wuta.

In ka dawo ka tarar ya zubo da ƙanƙarar a bokiti amma tiren ya sake zama a bushe, alhamdulillahi, injinka garau yake, ruwa ne baya iso masa. In kuma ka tarar ruwan ya daskare yana nan zaune a tire, ga sanyi ya kai, toh injin ne da kansa ko wutar da ke zuwa masa. Kaga ka raba gardama gida biyu.

In ruwa ne baya zuwa

Anan zan ɗan daɗe don anan gizo ke saƙar a gidajenmu. Firij ɗin nan an ƙera su ne don ƙasashen da ruwan famfo ke zuwa da ƙarfi, littafinsu zai ce maka mafi ƙaranci psi 20, wato kamar bar 1.4 (psi da bar duk ma'aunin ƙarfin ruwa ne), wasu ma psi 30 suke nema. Mu kuma ruwanmu daga tankin sama yake gangarowa, kuma lissafin mai sauƙi ne, kowane mita 10 na tsayi shi ke bada kusan bar 1. Tankin da ke kan ƙarfe mai mita 5 rabin bar kawai zai baka, ko rabin abinda ake nema bai kai ba. Kafin ka samu bar 1.4 sai tankin ya yi sama da firij da kusan mita 14, wa yake da wannan in ba mai bene hawa huɗu ba. Shiyasa zaka ga ƙanƙarar tana fitowa ƙanana ko masu rami a ciki kamar ƙwanso, daga baya ta daina baki ɗaya.

Wani abin da ban sani ba sai da ya faru dani, shi bawul ɗin ƙarfin ruwa ne yake taimaka masa ya rufe gam. In ruwan ba ƙarfi sai ya riƙa ɗiga ɗis ɗis, ɗigon nan yana bi ta bututun da ya shigo firiza, kowane ɗigo ya daskare a kan ɗan'uwansa har ya toshe bakin. Abinda ya samu nawa kenan. Maganin dindindin shine ɗan ƙaramin famfon busta, mai ƙara wa ruwa ƙarfi, a layin da ke zuwa firij ɗin, masu aikin famfo sun san shi. In firij ɗinka yana bada ruwan sha a ƙofa ka gwada da ƙaramin kofi, na mil 170 ya kamata ya cika cikin kamar daƙiƙa 10, in kana tsaye har ka gaji ruwan yana tsiyaya kamar na buta mai toshiya ka san inda matsalar take.

Yadda ake buɗe bututun da ya toshe, cire fulogi tukuna. Zaka ga bututun ya fito daga bangon baya ko rufin firiza ya leƙo saman tiren. Taɓa bakinsa, in kaji tauri ƙanƙara ce. Sami sirinji babba ba allura, ka cika da ruwan ɗumi irin wanda hannu zai iya jurewa, ka riƙa tsirtawa a ciki, ka tara tawul a ƙasa. Nawa sai da nayi sirinji kusan goma sannan wani dogon sanda na ƙanƙara kamar alli ya sulɓo ya faɗo a tafin hannuna. Dirayar gashi ma tana yi amma a mafi ƙarancin zafi kuma daga nesa, don robar cikin firij bata da wuyar lanƙwashewa.

Dan Allah kar ka ɗauki wuƙa ko sukudireba kace zaka sassaƙe ƙanƙara a cikin firiza. Bayan robar nan akwai bututan gas, kuma yawancin firij na yanzu R600a ne a ciki, gas ne mai kama wuta, zaka ga an rubuta a takardar da ke manne a baya. Garin neman gira kar a rasa ido.

Daga nan sai filta. Ana so a canja ta duk wata 6, amma tsakani da Allah wa yake yi, ni kaina tawa ta shekara biyu. In ruwan burtsatse kuke sha mai yashi ko mai barin farin gishiri a butar shayi ma bata kai wata shidan. Cire ta ka gwada, wasu firij ɗin suna barin ruwa ya wuce babu filta, wasu sai ka saka murfin da ya zo dasu na toshe gurbin. In ruwa ya ƙara ƙarfi da ka cire, ita ce. Ka bi siririn tiyon nan ma tun daga bango har firij, sau tari lokacin da aka tura firij ɗin baya bayan an yi mopin sai ya lanƙwashe ko tayar firij ta take shi. Kuma ka tabbata ɗan makullin ruwan na bango a buɗe yake har ƙarshe.

In duk wannan lafiya, saura bawul. Yana baya daga ƙasa, daidai inda tiyon ruwa ya shiga, da wayoyi a jikinsa. Duk sanda injin ya gama zagaye zaka ji shi yayi wani zuuu na kamar daƙiƙa 7. In kana jin ƙarar amma ruwa baya zuwa, toshiya ce, rufe ruwa ka kwance tiyon zaka ga ƴar raga a bakin shiga, sau da yawa yashi da tsatsa ne suka cike ta, tsohon burushin haƙori da ruwan kal zasu wanke. In baka jin komai, cire fulogi, zare wayoyin bawul ɗin ka ɗora mitar awo irin ta masu gyaran wuta a kan ƙafafu biyun na bawul ɗin ka auna om, wato juriyar wayar ciki. In mita ta nuna OL, wato layin ya yanke, nadin wayar ciki ya ƙone, sabon bawul zaka saya, kuma yafi injin araha nesa ba kusa ba. Mai bada ruwan sha yana da nadi biyu ko fiye, ɗaya na ruwan sha ɗaya na ƙanƙara, don haka ruwan sha na zuwa ba hujja bace cewa na ƙanƙara lafiya yake.

In injin ne

Mai tiren roba yawanci yana da ɗan maɓallin gwaji a gefe ko a ƙasa, wani sai da tsinke zaka iya danna shi. Ka bar bokiti a ƙasa don in da ruwa a tire zai kifar. Danna ka riƙe kamar daƙiƙa 3, zaka ga tiren ya fara juyawa a hankali, ya murɗe, ya dawo, sannan ruwa ya zubo. Sau ɗaya ya isa, in kayi ta dannawa ruwa zai hau kan ruwa ya malale ya daskare maka a ko'ina. In bai motsa ba sam, ko yana ƙas ƙas ƙas yana tsayawa a hanya, haƙoran giyar ciki sun cinye ko moto ya tafi. Ka leƙa ƙarƙashin tiren kuma, akwai wata ƴar sensa a maƙale da soso, in ta zazzago tana lilo maida ta kawai zakayi. Tiren ma yana tsagewa saboda yawan murɗa, alamarsa ƙanƙara mai tsini tana zubowa daga ƙasa.

Mai tiren ƙarfe kuma, irin na Whirlpool, in ka ɓalle farin murfin gabansa zaka ga ƴan ramuka da haruffa, L, N, M, T, H, V. Da fulogi a cire, in ka auna tsakanin L da H hita kake aunawa, a mai cin wuta volt 115 ya kamata kaga wajen om 72, in OL ne ta ƙone. Masu gyara suna haɗa T da H da guntuwar waya mai rufi don su tilasta masa ya fara zagaye, amma wannan da wuta a jiki ake yi kuma ga danshi, in ba sana'arka bace ka bari. Kuma kar ka kama haƙoran nan kace zaka juya su da ƙarfi, karya giyar zakayi. Nawa da ya tashi mutuwa haƙoran ne suka tsaya cak a tsakiya sun dafe kan ƙanƙara, na narkar na sake gwadawa sau biyu suka sake tsayawa a wuri ɗaya, na auna hita na tarar ta ƙone. Wata alamar kuma in ka fara ganin baƙin ɓawo ko toka-toka a jikin ƙanƙara, rufin tiren ne ke ɓarewa, wannan ko yana aiki ka canja, ba abin sha bane.

Ana iya canja hita ko tamostat kaɗai, amma ni a ganina wahalar banza ce, kafin ka samo kayan ka kwance ka haɗa kuɗin ya kusa na sabo, bayan wata uku kuma wani abin ya sake tafiya, gyaran gangar auzinawa kenan. Canja shi ɗungurungum.

Wajen saye

Buɗe firij ka duba bangon ciki, akwai takarda mai lambar samfurin, ɗau hotonta. Shima injin yana da tasa lambar a jiki, ɗau hoto. Mafi kyau ma ka ciro tsohon ka saka a leda ka tafi dashi kasuwa, a Kano ka zaga wajen masu kayan firij a Sabon Gari, in babu su sa a turo daga kasuwar Alaba ta Legas. Ka jera su biyun a kan kanta ka ƙirga ramukan tire, ka duba inda noti ke shiga, ka ƙirga ƙafafun soket ɗin wayar. Kar wani yace maka "ai duk ɗaya ne Alhaji, zai shiga." Wani zai shiga ɗin amma bazai yi magana da allon firij ɗinka ba.

Babban abin lura shine wuta. Firij ɗin da aka yi don Amurka volt 115 zuwa 120 yake ci, shiyasa ake haɗa shi da taransifoma mai sauke wuta, namu kuma 220 zuwa 240 ne. Injin da bawul dole su dace da firij ɗin, in ka saka na 115 a firij na 220 ko zagaye ɗaya bazai gama ba zaka ji ƙauri. Sannan na Amurka an yi shi a kan 60Hz, wato saurin kaɗawar wuta, tamu wutar 50Hz ce, taransifoma kuma baya canja wannan, don haka moton mai tiren ƙarfe yana ɗan tafiya a hankali kuma bawul ya daɗe a buɗe fiye da yadda aka tsara. Ga mai raunin ruwa wannan gaba ta kai shi, amma in ka saka busta kaga yana tumbatsa akwai ɗan noti na roba a gefen kan injin mai alamar ƙari da ragi, ka juya kaɗan wajen ragi, kar ka wuce zagaye ɗaya. In tokumbo zaka saya kace a rubuta maka a rasit cewa zaka iya dawo dashi, don baka da yadda zaka gwada a shago.

Canjawa

Bai kai minti talatin ba in komai ya tafi daidai. Cire fulogi daga bango, ba kashe makunni kawai ba, ka rufe ruwa. Fitar da bokiti da shelf ɗin da zai tare maka hannu. Kafin ka taɓa komai ɗau hoto ta gaba da ta gefe da wajen wayoyi, zaka gode mini lokacin haɗawa.

Mai tiren ƙarfe yawanci noti uku ne ke riƙe dashi, biyu a sama ɗaya a ƙasa, masu kai kwata na inci. Na ƙasan ka cire gaba ɗaya, na saman a yawancinsu sassautawa kawai zakayi don rataye yake a kansu, sai ka ɗaga shi sama kaɗan ka jawo. Ka shimfiɗa tawul a ƙasan firizar tukuna, ni notina ɗaya ya faɗa ta ramin iska sai da na kwashe rabin awa da maganaɗisu a bakin zare ina kamun kifi, yara suna ta dariya. Kana riƙe da injin da hannu ɗaya ka danna ɗan harshen soket ɗin ka zare, kar ka ja ta waya. In ƙanƙara ta riƙe shi ka bar ƙofa a buɗe minti goma ta saki da kanta, roba in tayi sanyi kamar biskit take karyewa. Mai tiren roba kuma sau da yawa noti ɗaya ne ko biyu da wani maƙali da zaka danna ka zamo shi gaba, wani sai ka fara cire murfin da ya rufe wayoyin.

Ajiye tsoho da sabo gefe da gefe. Sau da yawa sabon yana zuwa tsirara, babu wayar soket, babu hannun nan na kashewa, babu farin murfi, babu ƙarfen da ke tallafe shi ta ƙasa, duk daga tsohon zaka ciro ka maida. Wayar tana da wani ɗan kumburi a jiki, fis ne na zafi, akwai maƙalinsa a jikin tiren ka tabbata ka maida shi wurin. Sai ɗan kofin da ruwa ke zubowa ciki, wasu sababbin suna da ƙofa biyu a rufe, ta baya da ta gefe, ka duba ta inda bututun firij ɗinka ke shigowa ka ɓalle wannan kaɗai da filaya.

Haɗa soket har kaji ƙas. Rataya injin, kuma nan ka buɗe ido, bakin bututun ruwa ya shiga cikin kofin sosai, in ya tsaya a gefe ruwan bayan injin zai riƙa bi, da safe ka tarar ƙasan firiza ya zama falalen ƙanƙara ƙofa ma ta ƙi buɗuwa. Ka duba ya zauna daidai bai karkata ba, in ya karkata ramukan gefe ɗaya zasu cika ɗaya gefen su fito ƙanana. Ɗaure notin ba da ƙarfin tsiya ba, cikin roba suke shiga. Maida bokiti, buɗe ruwa, leƙa baya ka shafa mahaɗar tiyo da busasshen tishu ko akwai yoyo, sannan ka saka fulogi ka sauke hannun ko ka kunna.

Kar ka tsaya a gabansa kana jira. Sabon tire sai yayi sanyi tukuna kafin ya fara zagayen farko, wani zai yi zagaye ɗaya a bushe sannan ya ɗebi ruwa, yana iya kai awa 24 kafin ya kama aiki sosai, in ana wasa da wuta ma ya wuce haka. In kana sauri ka zuba masa ruwan farko da hannu kamar yadda mukayi a gwaji. Zubin farko da na biyu da na uku ka zubar, akwai warin sabuwar roba da dattin layi a ciki. Nawa da misalin ƙarfe uku na dare naji ƙwaram a kicin, na tashi da sanda na ɗauka ɓera ne ya ture kwano, ashe zubin farko ne ya faɗa cikin bokitin da babu komai.